RABIN MOTA

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na cika jan rai, na gani. Ba jan rai ba ne. Shafin ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina gogewa. Ga shi yadda ya zo.

*

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na safiyar Alhamis Sadiƙ ya kashe babur ɗinsa a ƙofar gidan Papa Alexander da ke Barnawa.

Jiya ya kawo motar a bayan babbar mota, ya miƙa makulli da takardu, aka yi hotuna, aka tafa. A sana'ar dillancin tsofaffin motoci, idan mai saye ya kira ka washegari, to ba gaisuwa zai yi maka ba. 

Tana nan ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Datsun 240Z, ƙirar shekarar saba'in da uku, koriya shar, kujera biyu, dogon hanci. Benjamin, ɗan Papa, na tsugune yana goge mata taya da tsumma. Shi ya gan ta a shafin sayar da motoci na intanet, shi ya saya wa tsohonsa saboda cikarsa shekara saba'in da biyar.

"Oga Maganaɗisu!" Benjamin ya miƙe yana dariya. "Ka ga fuskarka kuwa? Kwantar da hankali, ba komplen ba ne."

Sunan da mabiyansa suka laƙa masa ke nan. Duk motar da Sadiƙ zai ɗora a shafi, sai ya yi mata bidiyo guda ba yankewa, yana bin jikinta da maganaɗisu daga hanci har wutsiya. Inda ƙarfen asali ne, zai kama. Inda aka cike rami da fila aka rufe da fenti, zai faɗo ƙasa. Da wannan ɗan ƙarfen ya tara mutum dubu arba'in da suka yarda da bakinsa. Yayansa Zakariyya'u ne ya koya masa, Allah ya jiƙan rai.

"To me ya faru?" in ji Sadiƙ.

"Tsintuwa na yi."

Benjamin ya zaro hankici a naɗe daga aljihu, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ina share ɗan akwatin nan na bayan kujerar direba, inda jak ɗin ɗaga mota yake. Can ƙurya na ji abu ɗaure da waya. Na ce wa Papa in jefar? Ya ce kul. Ya ce abin mutane ne, akwai sunan Allah a ciki, a mayar wa masu shi."

Sadiƙ ya buɗe hankicin.

Laya ce. Jar fata, ta yi baƙi don tsufa. An ɗinke ta da koren zare, a gefe ɗaya an ƙulla sau uku.



Ya san ɗinkin. Innarsa Talatu 'yar dukawa ce, ba ta kai laya wurin kowa, da kanta take ɗinkewa. Biyu ta ɗinka rana ɗaya. Guda na nan ɗaure ƙarƙashin kujerar babur ɗin da ya sauka a kai yanzu. Gudar kuwa ta Zakariyya'u ce. Duk motar da zai fita gwaji da ita sai ya ɗaura ta a bayan kujera, idan ya dawo ya kwance.

Sau ɗaya ne bai dawo ya kwance ba.

Shekara shida ke nan. Kakau, hanyar Abuja. Farar 240Z. Aka ce taya ce ta fashe. Aka ce 'yan gwangwan sun saye gawar motar sun daddatsa.

"Ka san mai ita?" Benjamin ya tambaya.

"Zan bincika."

Sadiƙ ya naɗe layar a hankicin.

"Ben, ba ni minti biyu da ita."

"Taka ce, oga."

Ya buɗe ƙofa, ya tura kujera gaba, ya ɗaga kafet. Ƙasan an shafe shi da baƙin shafi mai kauri, irin wanda ake yi don tsatsa. Ranar da ya yi bidiyo ya gan shi, har ya yaba. Ya sa makullin babur ya kankare gefe, can inda ido ba ya kaiwa.

Baƙi. Ƙarƙashinsa kore. Ƙarƙashin koren, fari.

Ya matso gaba da tafin hannu guda, wajen ƙafar direba, ya sake kankarewa.

Baƙi. Kore. Ja.

Ya bi tsakaninsu da ɗan yatsa. Wani ɗan tudu siriri ya ratsa ƙasan motar daga wannan ƙofa zuwa waccan, a kwance kamar tabon tiyata.

Abin da 'yan gareji ke kira kot-an-join. A yanka motoci biyu da suka mutu, a haɗa rabin wannan da rabin waccan, a shafe, a sayar wa wanda tsautsayi ya kira.

Kuma hannu ɗaya ne a duk Kaduna zai yi ɗinkin da ya yi kyau haka. Hannun da ya ba shi motar.

"Yarona!"

Papa Alexander ne ya fito, da hular bature da safar hannu ta fata wadda ta ci shekaru a akwati. Tafiya yake kamar an cire masa ciwon gwiwa.

Sadiƙ ya saki kafet, ya fito ya rusuna.

"Ina kwana, Papa."

"Ina na kwana? Ban yi barci ba! Sau huɗu ina leƙowa ta taga in ga ko tana nan." Tsohon ya dafa bonet. "Irinta na saya lokacin ina injiniya a masaƙa, can Kakuri. Da ita na sato zuciyar maman wannan ƙaton. Da masaƙa ta rufe, na sayar muka ci tuwo. Kai ka dawo min da shekara arba'in, yarona. Allah ya yi maka albarka, kai da babanka. Ka gaishe min da shi. Irin hannunsa ya ƙare a ƙasar nan."

Maganar na bakin Sadiƙ. Kalma huɗu ce kawai. Papa, motar haɗi ce.

Sai dai bayan kalma huɗun akwai tambaya. Wa ya haɗa?

"Papa, kada a fita da ita tukuna."

"Don me?"

"Akwai abin da nake so in duba."

"Mene ne?" in ji Benjamin.

Sadiƙ ya kalli ƙasa.

"Birki ne. Ɗan saiti."

"Birki? Da safen nan na zagaya layi da ita, kamar ka taka dutse."

Papa ya tuntsire da dariya. "Ka ji yaran zamani! Shekara talatin ina kwance inji ina ɗaurawa, zai koya min birki."

"Don Allah dai, Papa."

"Kar ka damu," Benjamin ya dafa shi. "Sai Asabar za mu fita, bayan addu'ar godiya a coci. Kana da yau da gobe. Ka zo da kayan aikinka."

Yau da gobe. Sadiƙ ya riƙe wannan kamar wanda ruwa ya ci ya samu kara. Ya jefa layar a aljihu ya tada babur.

*

Garejin Malam Ibrahim Mai Walda na jikin gidansu a Makera, ƙofa ɗaya ta langa-langa ce ta raba su. Da Sadiƙ ya shiga, tsohon na duƙe kan wata ƙofar mota, baƙin gilashi a ido, tartsatsi na zuba a ƙafarsa.

Sadiƙ bai yi sallama ba. Ya wuce ya kashe injin walda.

Tunda aka haife shi bai taɓa yi ba.

"Wane mara kunyar ne?"

"Ni ne, Baba."

Malam Ibrahim ya ɗaga gilashin. Idanunsa jajaye, irin na wanda ya shekara arba'in yana kallon wuta.

Sadiƙ ya ajiye layar a kan benci, tsakanin guduma da filaya.

Can waje wata mai awara na kiran ciniki.

"Ina ka samo?"

"Inda ka manta da ita."

Tsohon ya zauna a kan tsohuwar taya. Bai taɓa layar ba.

"Ka ce min daga Jos ka samo motar," in ji Sadiƙ. "Gidan wani tsohon ma'aikacin kuza. Ka ce shekara talatin tana ƙarƙashin tamfol. Haka na rubuta, Baba. Da sunana. Mutum dubu arba'in suka karanta."

"Gaban daga Jos yake."

"Gaban."

"Bishiya ce ta faɗo wa bayanta. Gaban lafiya lau, inji, lamba, takardu, komai nata ne. Ban yi maka ƙarya a nan ba."

"Bayan fa?"

Malam Ibrahim ya kalli kusurwar garejin, inda wani tamfol ya shekara shida a shimfiɗe kan abin da ya ce tarkace ne. Yanzu babu komai a wurin sai alamar taya biyu a ƙasa.

Taya biyu. Ba huɗu ba. Kullum Sadiƙ na wucewa ta wurin.

"Na bi ta da maganaɗisu," ya ce. "Ginshiƙan ƙofa, rufi, gefe da gefe. Bai faɗi ba. Ko sau ɗaya."

Tsohon ya miƙe, ya ɗauko wani gwangwanin madara daga kan kanta, ya buɗe ya miƙo masa. Baƙin gari ne a ciki, mai ƙyalli.

"Garin ƙarfe. Daga ƙarƙashin injin gurza nake sharowa. Cokali uku a kowane kwaɓin fila. Maganaɗisu ba shi da hankali, Sadiƙu. Ƙarfe ya sani."

"Wa ya gaya maka inda nake bi?"

"Ina kallon bidiyonka. Duka."

Wannan ce ta fi sukarsa. Ya sha ganin tsohon da yamma a ƙofar gida, ya kafa tabarau yana kallon bidiyonsa, yana mayarwa baya yana sake kallo. Ya ɗauka alfahari ne. Har ya taɓa gaya wa abokansa.

Ashe karatu ake yi masa.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da ka ɗora ta?"

"A'a."

"To ka gani."

Sadiƙ ya ajiye gwangwanin a hankali, don idan bai ajiye ba jifa zai yi da shi.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka dubi girman Allah."

"Kar ka yi."

"Farar motar. Taya ce ta fashe?"

"Na ce kar ka yi, Abubakar."

Sai magana ta kai maƙura yake kiran sunansa na yanka.

"Ita ma haɗi ce, ko?"

Malam Ibrahim ya cire gilashin daga goshi, ya juya shi a hannu, ya sake juyawa.

"Wani direban tirela ne ya kira ni. Ya san yayanka. Na riga kowa zuwa, na riga masu kaki." Muryarsa a kwance, kamar mai ba da labarin wani. "Gaban motar na cikin gonar masara. Bayan na kan kwalta, a tsaye, ko fitila bai fasa ba. Tsakaninsu taku ashirin da bakwai. Na ƙirga."

"Shi fa?"

"A tsakani."

Sadiƙ ya dafa benci.

"Tayoyin fa?"

"Huɗu lafiya."

"Amma an nuna mana taya a farke. Ni na gan ta da idona."

"Da wuƙata na farke ta."

Sadiƙ ya tuna ranar zaman makoki, yadda mutane ke riƙe hannun Baba suna cewa ƙaddara ta riga fata. Ya tuna shi da kansa ya yi bidiyo yana gargaɗin mutane kan tsohuwar taya, yana kuka.

"Ɗanka na kwance a titi, kai kana farke taya."

"Ya riga ya cika. Me zan yi masa? Masu rai na duba."

"Kanka ka duba."

Tsohon ya miƙe tsaye. A da, da mari ne zai biyo baya. Yau hannun ya tsaya a gefe.

"Ba hannuna ba ne! Ka ji ni? Sandar walda ce. Jabu aka sayar min, kwalin na gaske, cikin na banza. Ranar kuma wuta ba ƙarfi, ƙarfen bai narke ya shiga juna ba. Shekara arba'in ina walda a garin nan. Tankar mai na ɗinka. Tukunyar masaƙa na ɗinka. Ka tambayi Kakuri kaf, wa ya taɓa dawo min da aiki?"

"Yaya bai dawo ba."

Malam Ibrahim ya yi kamar bai ji ba.

"Wannan karon na yi shi yadda ake yi. Shekara biyu ina kansa. Faranti biyu na sa, ciki da waje. Sandar da kaina na je Legas na zaɓo. Kowane taƙi na ƙwanƙwasa na saurara. Babu inda ya yi ƙarya."

"Tsohon ƙarfen fa? Wanda ya taɓa tsagewa, ya sha ruwan sama shekara huɗu? A jikinsa ka ɗinka."

"Na kankare."

"Ka gwada ta?"

Malam Ibrahim ya rufe gwangwanin.

"Baba, ka hau ta? Ka kai ta titi ka taka?"

"A'a."

"Ni fa, me ya sa ka hana ni? Ka ce a ɗora ta a babbar mota kada fenti ya ƙuje."

Tsohon ya kawar da kai.

"Kai kaɗai ka rage min."

Sadiƙ ya yi wata dariya marar daɗi.

"Au. Ɗan wani dai."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Wa zai gwada maka?"

"Titi ne ke gwada walda!" Malam Ibrahim ya buga benci, layar ta yi tsalle. "Motar da ke ƙarƙashin tamfol ba ta wanke kowa ba. Shekara shida ban yi barcin kirki ba. Ko na rufe ido, taku ashirin da bakwai nake ƙirgawa. Idan wannan ta shekara a kan titi, ta je Abuja ta dawo, ta je Kafanchan ta dawo, to na san sanda ce. Na san ba ni na kashe Zakariyya'u ba."

Sadiƙ ya ɗago.

Ɗan fari ne. Tun yana raye Baba bai taɓa kama sunansa ba, don alkunya. Yayanku, wancan, mai gidan. Yau ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa, kuma ya fito kamar an fizge ƙusa daga katako.

"Idan kuma ta rabe?"

"Ba za ta rabe ba."

"Dattijo ne, Baba. Ya ce in gaishe ka. Ya ce irin hannunka ya ƙare."

"Ya yi gaskiya."

Sadiƙ ya zaro waya.

Kafin ya buɗe, hannun tsohon ya damƙe wuyan hannunsa. Hannun walda, kamar filaya.

"Wa za ka kira?"

"Benjamin."

"Ka ce masa me?"

"Gaskiya."

"Daga shi sai 'yan sanda. Daga 'yan sanda sai a tono na Kakau. Ni ban damu da gidan yari ba, wallahi can zan fi samun barci. Shafinka ma ya rushe, ka sake wani. Amma innarka fa?"

Tsohon ya ƙara matse hannun.

"Ka san hawan jininta. Ka san abin da likita ya ce. Shekara shida tana tsine wa taya, Abubakar. Da shi take tashi, da shi take kwanciya, shi ya riƙe ta. Ka bar ta da tayarta."

"Sai in bar mutane su mutu? Asabar za su hau titi da ita."

"Sai Asabar suka ce, ko? Ka je gobe ka ce inji ne. Ka ce komai. Ka karɓo ta, in sake dubawa, in ƙara faranti. Ba wanda zai ji."

"Daga nan ka mayar musu."

"Daga nan in mayar musu da ita ta fi sabuwa."

Sadiƙ ya dubi wayar. Gobe. Zai iya ƙirƙiro wani abu. Zai iya cewa takardu ne. Zai iya karɓo ta ya cinna mata wuta a bayan gari, ya mayar wa Benjamin kuɗinsa ko da zai sayar da duk abin da ya mallaka. Babu wanda zai mutu, babu wanda zai sani.

Ya sauke wayar.

Ƙofar langa-langa ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Malam, ga kunun, tun ɗazu yake hucewa. Au, Sadiƙu, kana nan? Da na sani na ƙaro kofi."

Inna Talatu ce, da jug a hannu, mayafi a kafaɗa. Ta zo ta ajiye a kan benci, ta ture guduma gefe don ta samu wuri.

Hannunta ya tsaya.



Ta ɗauki layar. Ta kai ta kusa da ido, ta juya, ta shafa ƙullin nan uku da babban yatsa.

"Wannan ɗinkina ne."

"Talatu, shiga gida."

"Ta Sadiƙu na jikin babur, jiya ma na gan ta." Ta ɗago ta dubi mijinta. "Malam, na roƙe ka ita. Ranar sadakar uku na roƙe ka. Ka ce ka duba ko'ina, ka ce ta tafi da motar wurin 'yan gwangwan."

"Shiga gida na ce."

"Daga ina ta fito?"

Ta juya wurin ɗanta.

"Sadiƙu. Kai nake tambaya. Daga ina?"

Ya buɗe baki. Baba na kallonsa. Inna na kallonsa.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa.

Ba kira ba ne. Sanarwa ce. Benjamin ya ambace ka a bidiyon kai tsaye.

Ya danna.

Ƙarar inji ta cika garejin. Fuskar Benjamin ta fito, iska na kaɗa masa riga, haƙora duk a waje.

"Jama'a, Papa ya ce Asabar ta yi masa nisa! Ya ce wa ya ba shi tabbacin zai kai Asabar? Ku gan shi, ku ga saurayi!"

Ya juya wayar. Papa Alexander a kan sitiyari, hular bature, safar hannu, yana rera waƙar coci da ƙarfi. Ta gilashi shagunan Gonin Gora na wucewa a baya.

"Mun hau hanyar Abuja! Kakau kawai za mu je mu juyo, ya ji muryar injin. Wanda ke son mota ta gaskiya, ga mutuminku nan, Sadiƙ Maganaɗisu. Dillali ɗaya tilo da ba ya ƙarya a Kaduna!"

"Innalillahi," in ji Malam Ibrahim.

Sadiƙ ya fita daga bidiyon ya danna kira. Ta yi ƙara sau biyu, aka katse. Ya sake. Aka katse. Ba shi da lambar Papa. Ya koma bidiyon.

"Oga Sadiƙ, na ga kiranka!" Benjamin na dariya. "Birki lafiya, wallahi! Muna laif, zan kira ka in mun juyo."

Mutum dubu ɗaya da ɗari biyu ke kallo. Rabinsu mabiyansa ne, sunansa ya jawo su.

Ya rubuta a wurin sharhi: Ben ku tsaya.

Saƙon ya haura sama ya ɓace cikin zukata da hotunan wuta.

Ya sake: KU TSAYA DON ALLAH AKWAI MATSALA.

Wani ya amsa: Oga na kishi, ya yi nadamar sayarwa.

Wani: Papa ba ta wuta!

"Me ke faruwa?" in ji Inna. "Wace mota ce wannan? Sadiƙu, me ya haɗa ta da Kakau?"

Babur ba zai cim musu ba. Ko tsuntsu ne shi, ba zai cim musu ba. Abu ɗaya ne zai sa mutum dubu su daina wasa.

Ya kalli babansa.

"Abubakar," tsohon ya ce a hankali. "Kar ka yi. Za ta riƙe."

Ya kalli innarsa, da layar a tafin hannunta.

"Inna, ki yafe min. Ki zauna."

Ya rubuta, yana faɗa da baki, don yatsunsa ba za su iya su kaɗai ba.

"Motar haɗi ce. Rabi biyu ce. Babana ya haɗa. Bayanta na motar da ta rabe ta kashe yayana a Kakau ne. Ba taya ba ce. Ben ku tsaya yanzu."

Ya tura.

A bayansa jug ɗin kunu ya faɗi ƙasa. Bai waiwaya ba.

Zukatan suka tsaya cak. Sai sharhi ya ɓarke kamar an fasa dam.

Subhanallahi.

Jesus!

BEN STOP

Ku tsaya! Ku tsaya!

Wa ke da lambar Papa?

BEN DUBA WAYARKA

Ɗaruruwa, suna hawa kan juna. Amma Benjamin ba ya kallonsu. Ya juya kyamara ya kafa ta a kan allurar gudu.

"Ku gani da idonku! Ɗari da goma! Shekara hamsin, jama'a, ko tari ba ta yi!"

Ɗari da ashirin.

Kwalta ta miƙe fes. Gonakin masara hagu da dama, kore shar, damina ta yi kyau.

Sadiƙ ya san gonakin.

"Ɗari da talatin! Papa, kai ne oga!"

Malam Ibrahim ya matso har numfashinsa na dukan kafaɗar ɗansa. Ba allurar yake kallo ba. Kunne ya kasa, irin yadda yake yi idan ya ƙwanƙwasa ƙarfe.

A ƙarƙashin rurin injin, wani ɗan sauti ya fito.

Ƙas.

Ƙarami. Kamar an taka busasshen kara.

Waƙar Papa ta tsaya.

"Ben," muryar tsohon injiniyan ta canja. "Ka ji wannan?"

"Wanne, Papa?"

Ƙas. Ƙas.

Benjamin ya juyo da wayar wajen fuskarsa. Dariyar na nan, ba ta gama sauka ba. Idanunsa suka faɗa kan rubutun. Suka bi layi ɗaya. Suka bi na biyu.

"Papa..."

Hoton ya daskare.

Bakin Benjamin a buɗe, masara a bayansa, wani ɗan farin zobe na juyawa a tsakiyar fuskarsa.

"Sabis ne," Malam Ibrahim ya ce da raɗa. "Wurin ba sabis. Za ta riƙe. Na sa faranti biyu."

Daga ƙasa, inda take zaune cikin kunun da ya zube, Inna Talatu ta yi magana. Muryarta ba kuka a ciki, ba komai a ciki.

"Malam. Ka ce min taya ce."

Zoben na ta juyawa.